Rahila ta yi kukanta a Treichville

Yaya Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ya ƙarfin jiki, ya Maigida da yara, ya mutanen Maraɗi? Mu a unguwar Adjamé muna nan, sai kewa.

Tun rasuwar Baban Rahila, yarinyar nan ba ta zubar da hawaye a gabana ba. Yanzu ta shiga wata koyarwa ta sanin bangaskiya a unguwar Treichville ta garin nan, 'yan Katolika da Metodis duk tare. Sukan ci abinci tukuna, sannan su zauna rukuni-rukuni, kowa ya yi tambayarsa. Jiya ta dawo ido jawur, ta ce, "Inna, na yi kukan Baba a kafaɗar Maman Odile." Ita ce mai kula da rukuninsu.

Na ce madalla, amma Yaya, raina ya sosu. Ni na haife ta, ni na rasa miji, ɗaki ɗaya muke kwana. Me kafaɗata ta rasa?

Na san aikin Allah ne, shi ya sa nake jin kunya. Ran Laraba zan tuƙa tuwo in kai musu da kaina.

Ki gai da Kawu. Ki yi mini addu'a in iya gaishe da matar nan da zuciya ɗaya.

Ƙanwarki,
Hannatu