Harafin Sunan 'Yata Da Na Kasa Rubutawa

Malama Tomoe, don girman iyayenki ki taimake ni, kwana huɗu suka rage mini.

Shekarata sittin da takwas. 'Yata Sachie ta rasu bara, bayan ta yi shekara tara ɗaure da na'urar wankin ƙoda. Ni na zaɓa mata harafin farko na sunanta a rubutunmu na Japan, 幸, wato farin ciki. Mahaifinta wani harafin ya so, na kafe. Bayan rasuwar, zaman gida ya ishe ni, sai na shiga ajin tsofaffi inda ake koyar da asalin haruffa. Da ma ban shiga ba. Ranar da muka iso kan nata, malamin ya zana siffarsa ta dā a allo, ya ce hoton ankwar katako ce ta ɗaure fursuna. Kowa na ta mamaki, ni kuwa hannun Sachie nake gani da robar jini a jiki. Ban sake komawa ba.

To shekaranjiya matar ɗana Norio ta haifi mace. Koyuki za su sa mata, da harafin goggonta, tunda ban da "sachi", ana karanta shi "yuki" ma. Ni suke so in rubuta sunan da buroshi ranar bakwai, a kafa a bango. Sau uku ina dama tawada, hannuna yana ƙi. In na faɗa musu maganar ankwar, na ɓata musu abin tunawa da Sachie. In na yi shiru, kamar na sake ɗaure wata ne da hannuna.

Kaka mai rawar hannu, Morioka

Amsar Malama Tomoe: Kaka, sannu da wannan rashi, kuma barka da ƙaruwa.

Malaminku bai yi ƙarya ba, masana da dama haka suka ce. Amma kin gudu kafin a ƙarasa darasin. Wasunsu sun bayyana cewa wanda ya kuɓuta daga ankwar ake nufi, shi ya sa harafin ya koma farin ciki. Ciwon ƙoda kuwa bai iya karatu ba, ba sunan Sachie ya duba ya shigo ba.

Duk da haka kada ki haɗiye maganar, za ta ci ki duk ranar da yarinyar ta yi zazzaɓi. Ki gaya wa Norio da matarsa yau, 'yarsu ce, su yanke. Ina jin ba za su canza ba, domin su ba ankwa suke gani a harafin ba, Sachie suke gani.

In sun ce a rubuta, jan buroshi takwas ne kacal. Hannu ya yi rawarsa, ba zai hana karantuwa ba. Kin taɓa rubuta shi sau ɗaya da ƙauna, mai shi kuma ta amsa shi har ƙarshe.

Ina yi wa Koyuki fatan tsawon rai, ke kuma sanyin zuciya.