Kare Marar Mai Shi a Gindin Matakalarmu

Daga: Mai ɗinkin labule, ɗaki na tara, hawa na uku, gidan hayar da ke bayan tashar mota

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'i, Sashen Kula da Dabbobi, Hukumar Gari

Kwanan wata: 19 ga Yuni

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MUGUN KAREN DA KE GIDANMU DA RASHIN WANDA ZAI ƊAUKI ALHAKINSA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin mahaifina, dattijo mai ciwon suga da ke zaune a wurina.

1. Tun watan Maris maƙwabcinmu na ƙasa, wanda ake kira Mai Batir, yake ɗaure wani ƙaton kare a gindin matakala. Ita kaɗai ce hanyarmu. Sarƙar doguwa ce, duk mai wucewa sai ya manne da bango yana addu'a.

2. Ranar 6 ga Mayu karen ya cafki ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa wanke wa Baba gyambon ƙafarsa, ya yaga mata sharaɓa. Da ƙyallen labulen mutane na ɗaure mata. Daga ranar nan asibiti suka daina turo mana kowa, kuma ban ga laifinsu ba.

3. Ranar 8 ga Mayu na zo ofishinku. Aka ce mini tara da hukunci a kan mai kare suke. Jami'inku ya je, Mai Batir ya ce karen na yayansa ne da ya tafi ƙasar waje, shi amana kawai aka bar masa. Jami'in ya rubuta, ya kama gabansa. Da na koma, aka ce ba a hukunta wanda ba ya nan, kuma ba a ɗauke kare sai an sanar da mai shi. Ranka ya daɗe, mutumin da ke ciyar da kare safe da yamma, yake masa wanka, in ya yi fito karen ya zo yana kaɗa wutsiya, in ba mai shi ba ne, to mene ne shi?

4. Na sami mai gidan hayar. Ya ce shi ɗakuna ya bayar haya, ba matakala ba.

5. Haka na koma wanke gyambon da kaina, ma'aikaciyar jinyar tana kwatanta mini ta waya daga inda take kwance. Ni tela ce, abin da na iya ke nan. Yatsun ƙafar suka fara baƙi. Ranar 11 ga Yuni maigidana da ƙanena suka sauko da Baba a kan kujera, ni ina gaba da sandar labule ina kare su, Mai Batir kuma yana bakin shagonsa yana cewa karen wasa yake yi. A asibiti an yanke wa Baba yatsu biyu. Da ya farfaɗo, ni ya shiga ba haƙuri, wai ya ɗora mini wahala.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a ɗauke karen nan daga hanyar jama'a. A ɗora alhakin cizon a kan wanda karen ke hannunsa, a yi masa hukuncin da doka ta tanada. A kuma rubuta wa asibiti cewa hanya ta buɗe.

Ranar Litinin za a sallami Baba. Likita ya ce dole ƙwararre ya riƙa wanke ciwon kullum, in ba haka ba ƙafar ce gaba ɗaya za a cire. Ina roƙon kada a sake ce mini in dawo mako mai zuwa. Ƙafar ba za ta jira ba.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai ɗinkin labule, ɗaki na tara