Lokacin da Tauraron Ya Koma Baya

Sutherland, 20 ga Maris

Zuwa ga Yayata Lucinda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da aikin asibiti. Yaya tarin Jaden, ya lafa? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa da sassafe. Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Kin san ni, magana mai nauyi ba ta fitar mini sai a takarda.

Yaya, ina da ciki. Wata uku da rabi, nas ta ce haihuwa farkon Satumba. Daga ni sai surukata Mama Griet muka sani, sai ke yanzu. Elrico, uban cikin, bai sani ba.

Kada ki fara faɗa, ki karanta tukuna. Ranar da aka ce za a tura shi Chile ya koyo sabuwar hanyar shafe manyan maduban na'urar hangen taurari, ya sauko daga wurin aikinsa, kan dutsen da tamu na'urar take, da takarda a hannu, zai karanta mini ranar dawowarsa. Na toshe masa baki. Na ce kwanan wata na katin asibiti ne, ni alama nake so, irin wadda ake bar wa mata a littattafai. Ya yi dariya har da zama a ƙasa, ya ce, "Allah ya haɗa ni da aiki." Amma ya je ya tambayi wata malama cikin masu binciken da ke kan dutsen. Ranar tafiyarsa da asuba ya fito da ni bayan gida, ya nuna mini jajayen taurari biyu. Ɗaya Zuciyar Kunama, wadda ba ta barin 'yan'uwanta. Ɗaya Mars, mai tafiya. Ya ce in riƙa miƙe hannu ina aunawa, ranar da babban yatsana ya cike tsakaninsu, in ɗora tukunya. Ya ce sama ɗaya muke gani da mutanen Chile.

A lokacin dunƙulen hannu uku ne tsakaninsu. Yau da na tashi kwaɓa burodi na auna, ko dunƙule ɗaya bai kai ba. Yaya, gudu yake yi! Na yi lissafi, kafin Afrilu ya ƙare sun haɗu.

Mama Griet ta ce, "Ke da littattafanki! Yaro ya ce mini sai ƙarshen Agusta, bayan sanyi." Na ce ai mamaki yake so ya ba mu. Ta ce, "Mamaki? Elrico? Wanda ko kyautar Kirsimeti ba ya iya ɓoyewa kwana biyu?" Na bar ta kawai. Ba ta san yadda yake idan muna mu biyu ba.

Shi ya sa ban faɗa masa a waya ba. So nake ya shigo, ya ajiye jaka, in kama hannunsa in ɗora a cikina, in ga abin da fuskarsa za ta yi. Mako biyar ai ba wani abu ba ne.

Ki gaida yara. Idan kin bi ta kasuwar tsofaffin littattafai ki tuna da ni.

Taki ƙanwa,
Ronelda

Sutherland, 8 ga Mayu

Yaya Lucinda,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, na ga littattafan da rigunan jariri, na gode, Allah ya bar zumunci. Faɗan da kika yi mini ma na gani, na karanta shi sau biyu.

Tauraron ya tsaya. Tsakiyar Afrilu ya rage yatsu uku, kwana da kwanaki ina aunawa, yatsu ukun nan dai. Na ce ko hannuna ne ya kumbura. Daga nan sai ya fara komawa ta hanyar da ya zo. Yau yatsu huɗu. Ban taɓa jin tauraro ya juya ba, Yaya.

Ga shi na riga na shafa wa ɗaki fenti, na ɗinka labule, kuma bakina bai yi shiru ba, na faɗa wa matan coci cewa yana hanya. Ranar Lahadi muna fitowa Bettie, maƙwabciyarmu mai shagon gyaran gashi, ta ɗaga murya ta ce, "Ronelda, ina angon? Ko tauraron ya yi faci a hanya ne?" Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ban tsaya gaisawa da kowa ba, na wuce gida.

Da yammacin ranar ya bugo. Ya ce mutanen can sun yaba da hannunsa, suna so ya ƙara zama har Disamba, kuma in ya yi haka, da ya dawo shi za a ba ragamar ɗakin madubai. Dole ya ba su amsa kafin Mayu ya ƙare. Ya ce, "Ke me kika gani?" Na ce, "Yadda ka gani." Ya ce, "To," muka koma maganar tumakin Mama.

A duk littattafan da na karanta, macen kirki ba ta roƙo. Shiru take yi, shi kuma zuciyarsa ta gaya masa. Abin da nake tsoro ke nan in faɗa miki: idan na ce ina da ciki zai dawo, na sani, amma don jariri zai dawo, kuma wata rana zai dube ni ya tuna muƙamin da ya bari. Ni so nake ya dawo don ni. Yanzu kuma alamar da ya ba ni da kansa tana ja da baya, a daidai lokacin da yake maganar Disamba. Me kike so in ɗauka?

Mama Griet ta same ni ina kuka a kan kwaɓin burodi. Ta ture ni gefe ta karɓi kwaɓin, ta ce, "Gishirin ya isa haka. Ki ji nan, 'yar nan, in wata ya ƙare ba ki faɗa masa ba, ni zan faɗa, kuma ba da irin kalaman littafinki ba."

Ki sa ni a addu'a. Ba na so in haihu ba ya nan.

Taki,
Ronelda

Sutherland, 24 ga Mayu

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Da fatan aikin dare bai gajiyar da ke ba. Mu lafiya, ruwan famfo ya fara daskarewa da safe, cikina kuwa ya fito, rigar sanyin Elrico nake sawa.

Jiya Kawu Gert ya kai ni Calvinia hoton ciki. Kin tuna shi, ƙanen Mama Griet, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa motar da ke kai masu bincike kan dutse. Jariri lafiya lau, ya juya mana baya, an kasa gane ko mene ne.

A hanyar dawowa ya ce, "Yayata ta ce tauraro ya ɓata miki rai." Kunya ta kama ni, amma na ba shi labari duka. Ya yi dariya har motar tana kaucewa. Ya ce, "Kai, matar ɗana! Da kin tambaye ni tun Afrilu ai da kin huta. Ni da ba ni da takarda ko ɗaya, amma na sha wannan karatun a bayan wuyana, daga bakin masu gemu da marasa gemu."

Ya ce da fari abin nan ba tauraro ba ne, duniya ce irin tamu, tana zagaya rana kamar yadda muke zagayawa. Sai dai hanyarmu ta ciki ce, gajera, mun kuma fi ta sauri. Mu shekara ɗaya mun kewayo, ita sai kusan biyu. Na ce ban gane ba. Ya ce in jira.

Can muka hango amalanken jaki a gabanmu, irin na masu askin tumaki, da katifa da kaji a ɗaure a baya. Ya rage gudu ya ce, "Kada ki dubi hanya. Ki dubi jakin, ki dubi tsaunin can mai nisa a bayansa." Muna baya, jaki yana gaba abinsa. Da muka zo daidai da shi, sai na ga kamar ya tsaya, sai kuma ya fara zamewa baya a jikin tsaunin, alhali ga ƙafafunsa suna ta tafiya gaba.

Kawu ya ce, "To, Malama, jakin nan ya fasa tafiya?" Na ce a'a. Ya ce, "Wa ya motsa?" Na ce mu. Ya ce, "Kuma yaushe kika ga idonsa sosai, har da ƙudan da ke kunnensa?" Na ce lokacin da muke wuce shi. Ya ce haka Mars yake. Duk bayan shekara biyu da 'yan watanni mukan cim masa mu wuce, ya zama kamar baya yake yi, kuma a lokacin ne ya fi kusa da mu. Shi ya sa kwanakin nan da rana ta faɗi yake fitowa jajir kamar garwashi. Ƙarshen Yuni zai sake tsayawa, ya kama hanyarsa, ya isa Zuciyar Kunama ƙarshen Agusta. Malamar da Elrico ya tambaya ta lissafa da wannan juyin duka. Ranar da ke takardarsa ita ce ranar da ke sama, ni ce na ƙara gudu a kaina.

Muka wuce gonaki biyu ina juya maganar a raina. Yaya, wata biyar da rabi ina tafiya da wannan labarin ni kaɗai, na wuce mutumin nan na bar shi a baya bai san komai ba, sannan ina zarginsa da cewa shi ne ya juya. An tambaye shi Disamba, ya tambaye ni, na ce yadda ya gani. Me zai gani, alhali ban nuna masa ba?

Kawu ya ce, "Kuka kike ko ƙura ce?" Na ce ƙura. Ya ce, "Ƙurar hanyar nan akwai shiga idon masu ciki."

Gobe zan buga masa, ba zan jira kiransa na Lahadi ba.

Ƙanwarki,
Ronelda

Sutherland, 5 ga Yuni

Yaya Lucinda,

Gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fata kun tashi lafiya. An yi mana ƙanƙara shekaranjiya, Mama ta shigo da 'yan raguna biyu kicin, yanzu haka ɗaya yana cin igiyar takalmina.

Na faɗa masa. Na shirya kalmomi masu daɗi, har na rubuta a takarda, amma da na ji muryarsa abin da ya fito shi ne, "Elrico, ina da cikin wata biyar da rabi, kuma ina so ka dawo." Sai ya ce, "Wata nawa?" Na maimaita. Ya ce, "Mama ta sani? Kawu Gert ya sani? Bettie mai gashi ma ta gani da idonta, sai ni?" Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce saura kaɗan ya sa hannu a takardar Disamba, don yadda na amsa masa ya zaci ban damu da ya dawo ba. Ya kashe waya.

Kwana uku bai kira ba. Ban buɗe littafi ko ɗaya ba, babu wanda ya taɓa gaya mini cewa namiji yakan yi fushi a irin wannan wurin. Mama Griet kuwa kullum sai ta dafa mini abin da nake so.

Ranar ta huɗu ya bugo. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Yana motsi?" Na ce kamar mai buga ƙwallo. Na ji yana jan hanci. Ya ce ya gaya musu ba zai kai Disamba ba. Maganar muƙami kuwa ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, sun ce za a duba ko zai koma ya ƙarasa wata uku a baɗi. Na ce in aka ba wani fa? Ya ce, "To sai a ba shi. Madubai casa'in da ɗaya ne, ba za su gudu ba." Bai gama hucewa ba, na ji a muryarsa, amma ya sa na riƙe wayar a cikina ya yi wa ɗansa ƙorafina na minti biyar.

Tauraron har yanzu baya yake yi. Da magariba nakan leƙa in gan shi in koma wajen murhu.

Ga alfarmar da nake nema. Jirginsa zai sauka Cape Town ranar ashirin da uku ga Agusta da safe. Ki roƙar mini maigidanki ya ɗauko shi, ku taho tare, ki zauna mana har in sauka. Kada ki bar su su tsaya shan shayi a Matjiesfontein, kin san su biyun in suka fara hira. Ki taho da barguna, ɗakin baƙi akwai sanyi.

Ki sumbatar mini yara.

Taki har kullum,
Ronelda