Na mayar da tabarau ɗin mahaifina abin dariya a jami'a

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a fara zagina a kai ƙarshe tukuna, don duk abin da za ku faɗa min na riga na faɗa wa kaina.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta adabi da wasan kwaikwayo a wata jami'a nan Kaduna. Mahaifina tela ne a Unguwar Shanu, shi ne ma shugaban telolin layinsu. Abin da ba wanda ya sani sai ni da Umma shi ne Baba bai iya karatun boko ba, ko harafi ɗaya. Awon mutane a ƙyalle yake ajiye shi: ya yanki gefen yadinka ya ƙuƙƙulle, ƙulli ɗaya kafaɗa, biyu hannu, kuma bai taɓa ɓata wa kowa kaya ba. In aka kawo masa takardar ƙungiya sai ya laluba aljihu ya ce, "Kash, tabarau na gida." Ya zo da ita gida, ya ce, "Uwata, zo ki duba min," don sunan mahaifiyarsa gare ni. In karanta masa sau biyu, ya haddace, gobe ya je ya zayyana musu kamar shi ya rubuta. Tun ina aji huɗu a firamare muke haka. Tabarau ɗin ma na kasuwa ne, ba na asibiti ba, idonsa ƙalau.

To sai Malam mai koya mana rubutun wasa ya ce kowa ya kawo wasa, wanda ya fi kyau shi za a ɗora a dandamali, kuma shi ne makin kammalawarmu. Na kai na farko ya watso min shi. Na biyu ya ce, "Mutanenki ba sa numfashi. Ke ba ki da gida ne? Je ki rubuta abin da kika sani." Wallahi haushi ne ya kai ni. Na zauna na rubuta wani tela mai laluben aljihu, da ƙulle-ƙullensa, da "tabarau na gida" sau bakwai a fitowa uku. Na ce ai aji ne kawai, wa zai sani? Ranar da aka karanta shi har da masu riƙe ciki don dariya, ni kuwa sai wani fasa kai nake, shekara huɗu ba a taɓa yaba min haka ba. Ina hankalina ya tafi?

Ban tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Da aka zaɓi wasan, wanda aka ba matsayin telan, bari in kira shi Sadiƙu, ya ce bai san yadda tela ke motsi ba. Ni da ƙafata na kai shi shagon Baba, wai zai ɗinka riga. Baba ya saya masa lemo, ya zaunar da shi a benci, shi kuwa yana ta kwashe komai: yadda yake cije zare, yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana, har ɗan ɗingishin da keken ɗinki ya bar masa. Yanzu in Sadiƙu ya hau dandamali, ko makaho ya ji muryar ya san Baba ne.

Sai ga shi an ce za a buɗe wa jama'a ranar Asabar ta sama, kowa ya gayyato iyayensa. Da Baba ya ji wasana aka zaɓa, da kansa ya ce shi zai ɗinka kayan 'yan wasa duka, kyauta. Ya bi layinsu shago-shago yana faɗa, har sun yi maganar ɗaukar bas. Mutanen da yake tsayawa gabansu yana zayyana musu takarda, su ne za su zauna a sahun gaba! Yana yankan rigar Sadiƙu ya tambaye ni, "Shi wannan telan naki wane irin mutum ne, in san ɗinkin da zai dace da shi?" Na ce, "Mutumin kirki ne, Baba." Ya ce, "To bari in yi masa irin tawa."

Na je ofishin Malam na ce ina so in cire maganar tabarau. Ko kallona bai yi ba. "Ki cire me? Ai ita ce ƙashin bayan wasan. Marubuci ba ya jin kunya." Na ce, "Malam, mahaifina ne." Ka san me ya ce? "Shi ya sa yake da rai." Kamar in kifa masa teburin! Shi gidansa zai koma ya ci tuwonsa, ni ce zan koma Unguwar Shanu. 'Yan rukuninmu kuma mu goma sha ɗaya ne, wata shida muna atisaye a rana, makinsu duk a kan wasan nan yake. Da na ce zan janye, ƙawata ta ce, "Ke kika jawo, kar ki ja mu mu maimaita shekara." Ƙarya ta yi? Ba ta yi ba. Umma kuwa ban ma iya tunkarar ta ba, ita da ta yi shekara talatin tana rufa masa asirin nan.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shekaranjiya ya faru. Na manta kwafin wasan a shagonsa bayan na kai masa awon sauran 'yan wasa. Sai da na kai bakin titi na tuna, na dawo da gudu. Na tarar da shi zaune da maƙwabtansa biyu, ya sa tabarau, yana buɗe shafukan a hankali yana gyaɗa kai. Shafin da ke gabansa shi ne inda telan ke laluben aljihu mutane na yi masa ihu. Ya miƙo min ya ce, da ƙarfi don su ji, "Na duba, Uwata. Ya yi kyau ƙwarai. Allah ya yi miki albarka."

Na amsa da amin. Ban san yadda bakina ya iya ba.

In na faɗa masa gaskiya, na ce masa 'yar da ya amince wa ita ta tona shi. In na hana shi zuwa, da wane dalili, ga bas an riga an yi magana? In na janye, na kayar da mutum goma da ba su ji ba su gani ba. In na yi shiru, ranar Asabar zai sa tabarau ɗinsa ya zauna a gaba, cikin riga irin ta Sadiƙu.

Don girman Allah, jama'a, me zan yi?