Jan Naman Ƙafar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Wata huɗu ke nan gyambon ƙafar Baba ya ƙi rufewa. Ciwon suga. Likita ya ba mu mako uku, in babu canji za a yanke ƙafar. Baba ya ce a yanke kowa ya huta. Na gaji wallahi.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ya bugo waya, wai ko ba na wanke ciwon da kyau. Ni! Ni da sana'ata goge daɓen ofisoshi, har tafin hannuna ya yi kanta. Yau na dirje ciwon da auduga sai da jan naman nan mai ƙuraje-ƙuraje ya fita tas. Baba ya cije hularsa.

Talata, 11 ga Maris
Sista mai wankin ciwo ta ce in nuna mata yadda nake yi. Na fara, har da ƙwambo. Ta riƙe hannuna.

Wai jiki yana da sinadarai masu narkar da tsohon nama don ƙananan jijiyoyin jini su samu hanyar tsirowa. A gyambon masu suga sukan yi yawa, su cinye tsoho da sabo. Jan naman da nake kankarewa kuwa, sababbin jijiyoyin ne da suka tsira da ƙyar.

"'Yar'uwa, su suna ci, ke kina kankarewa. Da me zai warke?"

Kunya ta kama ni, sannan haushi. Wata huɗu ba wanda ya faɗa mini.

Laraba, 12 ga Maris
Ban gaya wa Baba ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Yanzu ruwan wankin asibiti kawai, a zuba, a rufe, kwana biyu ba taɓawa. Hannuna ƙaiƙayi yake. Baba na tsokanata, wai lalaci ya kama sarauniyar tsafta.

Litinin, 24 ga Maris
Likita ya auna. Ya ragu kamar faɗin farce. An ɗage maganar yanka wata guda, ba a soke ba.

A barandar asibiti na gaya wa Baba ni ce na hana shi warkewa. Ya daɗe yana gyara sandarsa.

"Na san dirzar nan ta yi yawa, uwata. Amma lokacin ne kawai kike zama kusa da ni."

Talata, 25 ga Maris
Yau ba ranar wanki ba ce. Na dai zauna a ɗakinsa har la'asar. Fankarsa ta fi tawa iska, shi ke nan.