Inda Mama Za Ta Zauna

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki? Yaya mutanen Kabong, da matar Yaya Pam da yaran? Ni lafiya lau nake a nan Dublin. Tsofaffin da nake kula da su ba su da rigima, sai dai bayana da ke ɗan ciwo in na ɗaga su, shi ma ba wani abu ba ne.

Gwaggo Ana ta ba ni labarin kotu a waya. Ta ce autanki Natana'el bai wahalar da alƙali ba, ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe Yaya Pam, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Abin da ya hana ni cin abinci kuwa shi ne da ta ce dangin mamaci sun zauna a dama, mutanen wanda ake tuhuma a hagu, ke da kika haife su duka biyu kika tsaya a bakin ƙofa da wannan ƙafar har aka tashi.

Kin tambaye ni ko a bar lauya ya ɗaukaka ƙara. Mama, ni har yau bakina ya ƙi ambaton Natana'el a addu'a. Amma ke kika haife shi. A ɗaukaka.

Na roƙi oga hutu, ta ɓata rai, amma zan zo. Ranar da za a saurari ƙarar, ki zauna a bayan Natana'el. Ni zan zauna wa Yaya Pam.

'Yarki,
Fibi