Tambayar Hadiza a kan jar dawa

Tanut, daren Laraba

Na gaji, amma abin da ya faru yau a aji ya ƙi barin raina. Na shimfiɗa taswirar duniya, na nuna wa ɗalibaina ƙasar da jar dawar taimako ta fito, wadda muke ci tun da fari ya kashe mana gero. Sai Hadiza, yarinyar nan 'yar garin Tarka da ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu, ta kira ni Mushe, yadda yara ke kiran malami a nan.

"Mushe, manomin da ya noma ta, shi ma yana duban sama yana jiran ruwa kamar babana?"

Na ce ban sani ba. Wallahi har yanzu ina ta ƙoƙarin hango fuskar mutumin.

Daraktan makaranta ya leƙo, ya ce jarrabawa ta matso, in daina yawo da hankalin yara. Yana da gaskiyarsa. Amma da aka tashi ba wanda ya fita. Suka kewaye taswira, suka ce in nuna musu inda ake kai gyaɗar iyayensu a shekarun albarka. Na bi hanyar da yatsa har na ƙetare teku.

Sai Hadiza ta ce, "Ashe mu ma mun taɓa ciyar da wasu."